Shawara ga masu horar da malaman lissafi da kimiyya

Jama'a, in kuna shirya bita ga malaman ƙaramar sakandare, kada ku raba na lissafi da na kimiyya. Ku haɗa su bibbiyu a kan aiki ɗaya.

Su auna nauyin ruwa mililita 50, 100 da 150, ban da nauyin kofin, sannan su zana giraf. Layin zai fito a miƙe, domin mililita ɗaya ta ruwa kusan giram ɗaya ce. Daga awo ɗaya kowa ya samu darasinsa, kuma sikeli da kofin awo kawai za ku nema.

Amma fa in sikelin ba ya nuna giram ɗaya-ɗaya, ɗigogin watsewa za su yi. Haka nan in ɗalibansu ba su fara zanen giraf ba, a dakata tukuna.