Yadda Za Ka Rubuta Ihu A Labari Har Mai Karatu Ya Ji Shi A Ƙirji

Matasa masu rubuta ƙagaggun labarai a Damagaram suna yawan cewa "sai ta ƙwalla ihu", su wuce. Mai karatu kuwa bai ji komai ba, domin ba a nuna masa abin da ya tsinke a cikin mutumin ba. Ga hanyar da nake ba su shawarar bi.

Da farko ka ajiye alƙalami, ka yi aiki da kunne. Shiga Kasuwar Dole ranar Alhamis, ka ji yadda "Ɓarawo! Ɓarawo!" ke tada rumfuna gaba ɗaya. Tsaya ƙofar fada a Birni ranar hawan salla. Je filin kokowa sa'ad da aka kada gwani, ko wajen hawan ƙaho sa'ad da ɗan mahauta ya rungumi kan bijimi. Kada ka raina layin famfo da bazara, inda mace ta kwana tana jiran ruwa, wata ta zo ta ture mata jarka. Duk abin da ka ji, rubuta shi da kalmomin da aka furta.

Na biyu, ka tantance abin da ya kawo ihun. A 2021 masu bincike a Jami'ar Zurich ta ƙasar Suwizalan sun raba ihun ɗan Adam gida 6: na ciwo, na fushi, na tsoro, na baƙin ciki, na jin daɗi da na murna. Zaɓi ɗaya. In kai kanka ba ka san wanne ne ba, mai karatu ma ba zai sani ba.

Mataki na uku shi ne mafi nauyi, kuma a nan mafi yawa ke faɗuwa. Mu mutane ne da aka raina a kan dauriya da kunya. Yaro a gaban wanzami ranar kaciya, ana so ya cije. Mace a kan gwiwa, musamman haihuwar fari, tsofaffi na ce mata ta daure kada a yi da ita. Uwa ba ta ko ambaton sunan ɗanta na fari, balle ta nuna ɗokinsa a gaban jama'a. To ka tambayi kanka: me zai sa wannan uwar ta fito tsakar gida ba mayafi, tana kiran sunan nan da ta yi shekara ashirin ba ta furta ba? Amsar tambayar nan ita ce labarinka. Ka nuna mana duk lokutan da ta haɗiye, ta ce "ba komai", ta koma madafa. Ka bari mu gaji da shirunta tukuna. A ganina ihun da aka yi a shafi na biyu asara ne, domin ba mu riga mun san abin da mai shi ya saba dannewa ba.

Sai rubuta ihun kansa, kuma ka gajarta. Bincike na 2015 a birnin New York na Amurka ya nuna ƙarfin sautin ihu yana kaɗawa sau 30 zuwa 150 a daƙiƙa, alhali magana ba ta wuce 4 zuwa 5, shi ya sa yake zaburar da sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro. Jimlarka ma ta yi kaushi haka. Ba a jera "wayyooooo" da alamomin motsin rai guda biyar. Bahaushe in abu ya same shi, salati ke fara fita: "Innalillahi!" ko "Wayyo Allah, na shiga uku!" ko "Jama'a ku kawo ɗauki!" Haɗa da abu ɗaya na jiki, hannu biyu a ka, ko gwiwa da ta ƙi ɗaukar mai ita.

Daga nan ka juya ga waɗanda suka ji. A unguwannin Birni da Zango katanga ɗaya ce ke raba gida da gida, ihu ba ya zama na mutum ɗaya. Wa ya fara shigowa zaure? Wace maƙwabciya ta gane muryar ta ce "Subhanallahi, Hajiya ce, me ya faru?" Wa ya ji ya yi kamar bai ji ba? Wannan na ƙarshen sau da yawa shi ne babi na gaba.

In ka gama, karanta wa wata tsohuwa ta gidanku shafin da babbar murya, ka tambaye ta ko haka mutane ke yi. In ta ce "a'a, ɗan nan, ba haka ake kuka ba", roƙe ta ta faɗa maka yadda ake yi, ka sake rubutawa.