Yadda Ake Shirya Wa Sabon Shiga FreeBSD Don Kada Ya Gudu

Yawancin masu gwada FreeBSD, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a karon farko a wuri ɗaya suke tsayawa. Sun gama sakawa, kwamfuta ta sake tashi, sai ga baƙin allo da kalma guda, `login:`, babu maus, babu hoto, babu intanet. Daga nan sai mutum ya koma Windows yana cewa abin na ƙwararru ne. Alhali babbar manhaja ce mai nagarta, tun 1993 take, asalinta daga BSD ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a kanta aka gina manhajar PlayStation 4, da ita kuma Netflix ke tura bidiyo ga jama'a. Idan kai ne za ka saka wa ƙaninka ko ɗalibinka, aikinka shi ne ka tsallake masa wannan baƙin allon kafin kwamfutar ta isa hannunsa.

Fara da zaɓen na'ura. Tsohuwar laptop ƙirar ThinkPad ta hannu mai katin hoto na Intel da Wi-Fi na Intel ta fi sabuwa fil da ta fito bana, ta kuma fi araha nesa ba kusa ba. Idan ka ga Wi-Fi ɗin na Broadcom ne, ko katin hoton Nvidia ne, nemi wata kwamfutar. Ana iya shawo kansu, amma ba da su ake yi wa baƙo maraba ba. Kafin ka goge komai, zuba NomadBSD, wato FreeBSD da ke tashi daga filashi ba sai an saka ta ba, a filashi ka tayar da kwamfutar da shi. In allo ya fito da kyau, sauti ya yi, Wi-Fi ya ga siginar intanet, to ka ci gaba da kwanciyar hankali.

Sakawar kanta ba sai na tsaya bayani ba, tambaya ce da amsa. Abu biyu kawai zan ja kunnenka a kai. Wajen raba faifai zaɓi ZFS, wani tsarin ajiye fayiloli, dalilin yana zuwa. Sannan wajen buɗe wa mai kwamfutar asusu, idan aka tambaye ka ko za a sa shi a wasu rukunoni, rubuta `wheel video`. Mutane na danna Enter su wuce wannan tambayar, daga baya su rasa dalilin da `su`, umarnin da ke ba mutum ikon sarrafa dukkan kwamfutar, ke ƙin karɓarsu.

Yanzu mun iso wurin da ake faɗuwa. FreeBSD ba ta zuwa da fuska mai hotuna, sai an sauko da ita, saukowa kuma sai da intanet, intanet ɗin kuma sau da yawa shi ne bai tashi ba tukuna. Kada ka tsaya kokawa da Wi-Fi a wannan matakin. Ɗauko wayarka ta Android, haɗa ta da kebul na caji, kunna raba intanet ta USB a wayar, sannan ka rubuta `dhclient ue0`. Shi ke nan, ka hau. Ka tabbata akwai wadatacciyar data, don abin da za a sauko da shi yana da nauyi. Wanda ke da garaɓasar dare sai ya bari zuwa lokacin.

Sai ka rubuta `pkg install drm-kmod xorg xfce lightdm lightdm-gtk-greeter firefox`. Na farkon nan, drm-kmod, shi ne direban katin hoto, shi ne kuma wanda ake yawan mantawa. Saukar da shi kaɗai ba ta isa ba, dole a gaya wa kwamfuta ta riƙa loda shi duk tashi: `sysrc kld_list+=i915kms` ga Intel, ko `amdgpu` a madadinsa ga AMD na baya-bayan nan. Kula da alamar tarawar nan (+) kafin alamar daidai (=). In ka manta da ita, sabon layin zai share duk abin da ke jerin a da. Bayan haka `sysrc dbus_enable=YES lightdm_enable=YES`, sai ka sake tayar da kwamfutar. Na sha ganin wanda ya yi duk wannan daidai amma hoto na tafiya da ƙyar, taga na jan ƙafa in an matsar da ita. Kusan kullum dalilin ɗaya ne, ba a sa shi a rukunin video ba. Gyaran layi guda ne, `pw groupmod video -m` sannan sunan asusunsa, ya fita ya sake shiga.

Cikin fuskoki masu hotuna Xfce na ce, ba KDE ba, ba GNOME ba. Ta fi sauƙi a kan tsohuwar na'ura, ta fi cin data kaɗan, kuma wanda ya saba da Windows zai gane inda abubuwa suke ba tare da an nuna masa ba.

Da zarar fuskar ta fito kuma Firefox ya buɗe, kafin ka taɓa wani abu, rubuta `bectl create lafiya`. Wannan ne amfanin ZFS ɗin. Ya ajiye maka tsarin kamar yadda yake a wannan lokacin, duk ranar da sabon shiga ya lalata wani abu sai ya zaɓi "lafiya" a jerin da ke fitowa lokacin tashi, ya dawo inda yake. Nuna masa wannan da hannunsa, ya gwada a gabanka. Mutumin da ya san yana da hanyar dawowa ba ya tsoron taɓa abu, wanda ke tsoron taɓawa kuwa ba ya koyo.

Sauran ƙananan ne. Buɗe fayil ɗin `.profile` ɗinsa ka canza EDITOR, wato manhajar gyara rubutu, daga vi zuwa ee, don ee na nuna umarninsa a saman allo, vi kuwa ko fita daga cikinsa sai an koya. Saita masa Wi-Fi, rubuta masa umarnin sabunta manhaja, `pkg upgrade` da `freebsd-update fetch install`, a takarda ka manna a jikin kwamfutar, ka ajiye masa shafin FreeBSD Handbook a Firefox. In kuma duk wannan ya yi maka yawa, saka masa GhostBSD: FreeBSD ce da aka riga aka ɗora wa fuskar MATE, ya fara da ita, ya zo ga uwar daga baya.