Yadda ake gano abin da ke sa mota misin kafin a kashe kuɗi

Idan mota ta fara kakkarwa a silo, ko ka taka totur tana fizga ba ƙarfi, wataƙila wata silinda ce ba ta ƙona mai yadda ya kamata, abin da ake kira misin ke nan. Kada ka ruga Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota ta Kumasi, sayen fulogi da koyil (mai ba fulogi wuta) tukuna. A Kumasi mai sayar da kaya ba zai ce maka kar ka saya ba.

Fara da kallon fitilar inji da ke gaban direba. In tana ƙyaftawa, rage gudu ka tsaya, domin ɗanyen fetur na gangarawa cikin salansa, yana iya ƙona katalis, wato abin tace hayaƙi da ke jikin salansa, shi kuwa ba araha gare shi ba.

Sannan a sa wa motar kwamfuta. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari. Kwamfutar za ta nuna lambar matsalar: P0301 misin a silinda ta ɗaya ke nan, P0302 ta biyu, haka har sauran. P0300 kuwa misin ne da ke yawo, bai tsaya wuri guda ba.

In silinda ɗaya ce, a nan aikin yake da daɗi. Kashe mota, bari inji ya huce. A Corolla mai koyil guda a kan kowane fulogi, ciro koyil ɗin silindar da ake zargi ka musanya shi da na maƙwabciyarta, a goge lambar, ka ɗan zaga gari. Misin ya bi koyil? Ka kama ɓarawo. Bai bi ba, yi wa fulogi irin wannan musaya, daga baya injekta, mai fesa wa silinda fetur.

Da ka ciro fulogi, dube shi da kyau. Baƙi ƙirin da busasshen kunkunniya, fetur ya yi yawa. Jiƙe da baƙin mai a baki, a zargi ring ɗin fistin ko sil ɗin bawul. In man a cikin ramin fulogin ya taru, gaskit ɗin murfin inji ne ke yoyo. Ramin nan ma yakan cika da ruwa bayan an wanke inji da famfo mai ƙarfi, abin da yaran wankin mota ba sa gajiya da shi.

In misin mai yawo ne (P0300), duba abin da silindoji suka haɗa: tiyon iska da ya tsage, matacin mai, famfon mai da ya yi sanyi, ko fetur mai ruwa, musamman da damina.

In duk wannan bai nuna komai ba, ce wa makanike ya auna matsin kowace silinda. Wadda ta faɗi ƙasa da 'yan uwanta sosai, ciwon a cikin inji yake. In kuma ruwan lagireto na raguwa, salansa na farin hayaƙi, gaskit ɗin kan inji za a buɗe a duba.