In za ka je gidan tarihin Kanta a Argungu, ga yadda za ka yi

Yawancin mutane ba sa tuna Argungu sai lokacin bikin kamun kifi, to ni dai shawarata kar ka bari sai lokacin, don a ranakun biki garin cike yake maƙil, masauki ma wahala yake, kuma ba wanda zai tsaya ya yi maka bayani a natse. Ka zaɓi ranar aiki kawai ka yi sammako. Daga Birnin Kebbi ko Sakkwato akwai motocin haya a tasha, in ka sauka ka ce wa ɗan acaba gidan tarihin Kanta, ba sai ka yi dogon kwatance ba.

Abu na farko, ka sani ba wani sabon gini ba ne mai gilasai da AC, tsohon gidan sarautar Kabi ne, sarakuna sun zauna a ciki har 1942 da aka koma sabuwar fada, sai a 1958 aka mai da shi gidan tarihi aka sa masa sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi shekara ɗari biyar da suka wuce, mai birnin Surame. Kuma akwai kaburburan sarakuna a wurin, saboda haka ka shiga da sallama da shiga ta mutunci, ba wai ka faɗa kana ihu kana selfi kamar ka je wurin shaƙatawa ba. Kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoto ka tambaya tukuna.

Na biyu, don Allah kar ka ce kai kaɗai za ka zaga. Ka nemi ma'aikacin wurin ya raka ka, in ba haka ba masu da takubba da kwari da baka da bindigogin toka da layu da tambura duk za ka gan su ne kamar tarkacen tsohon ɗaki, alhali kowanne da labarinsa. Ka tambaye shi yaƙe-yaƙen Kabawa da Sakkwato, a nan hirar take daɗi, don gabar ta daɗe sosai, kuma ziyarar sulhun da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo a 1934 ita ce mafarin bikin kamun kifin da ake yi yanzu, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. In an gama ka ɗan ba shi na goro, ka riƙe kuɗi a hannu kar ka dogara da tiransifa.

Daga nan ka gangara Matan Fada ka ga ruwan da ake shiga da homa da gora ana farautar giwan ruwa. Amma fa kallo kawai, kar ka jefa ƙugiya, wurin a hannun Sarkin Ruwa yake, ba a kamun kifi a nan sai an buɗe ruwa. In kifi kake so ka wuce kasuwa ka sayi banda.