Matakan ƙara gwanancewa a PUBG Mobile

Samarinmu na Jidda da Makka masu raba dare a kan wasan harbe-harbe na waya, PUBG Mobile, ga abin da na ga ya fi amfani.

Da farko ka zaɓi saba, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, ta Gabas ta Tsakiya. In ka shiga ta nesa, jinkiri zai sa a harbe ka tun ba ka ga mai harbin ba.

Na biyu, kuma nan aikin yake: shiga filin atisaye ka daidaita saurin juyawar kyamara. Ɗauki bindigar M416 ka yi ta harbin bango, kana jan yatsa ƙasa a hankali, har harsasan su daina hawa sama. Riƙe bindiga ɗaya tukuna. Ban ga amfanin kwafar saitin wani gwani ba, don wayarsa da hannunsa daban da naka.

Sannan sa abin sauraro a kunne; takun sawu zai nuna maka inda abokin gaba yake.

A taswirar filin wasa ta Erangel, ƙyale garin Pochinki, inda 'yan wasa ke cunkoson sauka, sai hannunka ya faɗa. Sauka a gefe, tara kaya, shiga da'irar tsira, wadda ke ta ƙanƙancewa, da wuri.

Da zafin Saudiyya kuma, cire wa wayar riga, kada ka buga tana caji. In ta ɗau zafi, hoton zai riƙa sarƙewa.