Babi na 6: Lambu a Garin da Ya Fi Sanyi

Darasi na 1: Lambar garinku

Sannunku da ƙoƙari. Da yawa cikinku daga Atlanta kuka taso kuka dawo Shikago, kuma kun ga abin da sanyin bara ya yi wa shukokin da kuka zo da su. Hannunku bai lalace ba, garin ne ya canza.

Ma'aikatar noma ta Amurka ta kasa ƙasar kashi 13, gwargwadon sanyin daren da ya fi kowane dare sanyi a shekara. Kowane kashi da lambarsa. A taswirar da ta fito a 2023, Atlanta tana lamba 8, cikin garin Shikago kuwa lamba 6. Ku ɗauki biro ku rubuta 6 a bangon littafinku, babba.

To, ku natsu, nan ne wurin tuntuɓe. Ƙaramar lamba ita ce sanyi mai tsanani. Babbar lamba zafi ce. 6 ta fi 8 sanyi. 4 ta fi 6 sanyi. Ku faɗa da baki: ƙaramar lamba, babban sanyi. A sake. Wanda ya ruɗe kada ya ji kunya, kusan kowa haka yake farawa, domin a kasuwa mun saba babbar lamba ita ce mai yawa.

Darasi na 2: Takardar da ke jikin tukunya

Kowace shuka da ake sayarwa tana da 'yar takarda a soke cikin ƙasar tukunyar. Ku zare ta, ku juya bayanta. Ku nemi haruffa huɗun nan: Z, O, N, E. A gabansu akwai lamba biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 4-8. Layin nan ba alamar ɗebewa ba ce, yana nufin daga 4 har zuwa 8. Ku ɗora yatsa a kan lambar hagu, ita ce ke faɗin iyakar sanyin da shukar ke jurewa. In 6 ce ko ƙasa da 6, ku saya. In ta haura 6, ku mayar da tukunyar inda kuka ɗauko ta.

Mu gwada. 3-8: ta hagu 3 ce, ba ta kai 6 ba, za ta rayu. 9-11: ta hagu 9 ce, ta haura 6, sanyi zai kashe ta. Zogale yana cikin irin waɗannan. Na san yadda kuke son sa, ni ma haka, amma a waje ba zai ga watan Janairu ba. A tukunya za ku shuka shi, ku shigo da shi ɗaki tun farkon Oktoba.

Har yanzu ina ganin masu kallon lambar dama. Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Ta hagu. Kuɗin guminku ne fa kuke binnewa a ƙasa saboda gaggawar da ba ta da dalili. Ku tsaya, yatsa a hagu, ku gwada da 6. Ƙaramar lamba, babban sanyi. Madalla, Hajiya, haka ake yi.

Darasi na 3: Kayan miya

Kuɓewa, tumatir, tattasai da alayyahu ba sa kai shekara, don haka lambar ba ta dame su ba. Abin da ke kashe su shi ne raɓar da ke daskarewa da asuba. Kada ku fitar da su waje sai tsakiyar Mayu ta wuce, ko da rana ta yi daɗi a Afrilu. Kuɓewa ma ku bari sai Yuni, ba ta son ƙasa mai sanyi. Yakuwa za ta ba ku ganyen miya, amma da wuya ta yi zoɓo kafin sanyi ya dawo.

Darasi na 4: Masu jure sanyi

Kabeji, karas, latas da albasa, ana shuka su tun Afrilu. Na'a-na'a tana bushewa, ta sake tohowa da kanta.

Darasi na 5: Tafarnuwa

A binne a Oktoba, tsini sama. A tone a Yuli.

Aikin gida: ku kawo takardar shuka guda biyu ranar Asabar, ku zagaye lambar hagu da biro.