Yadda za ka haɗa bidiyon faɗan barkwanci da wayarka

Ni tela ne a Tudun Wada, Gusau. Tun muna yara, in an sa fim ɗin Canis a gidan kallo ba a samun wurin zama. Sai da na girma na gane abin da ke riƙe ni wajen Jaki Can: yana jin zafi. Ya kai naushi ya yarfe hannu, kuma duk abin da ya tarar a wuri, tsani ko kujera, ya zama makami.

To daga nan za ka fara. Je wurin da za ka ɗauka, ka zauna ka ƙare masa kallo. Namu na farko a shago muka yi shi, da benci da naɗaɗɗiyar tabarma da tef ɗin awo. Almakashi da dutsen guga waje muka fitar da su. Dalilin faɗan ya zama ƙarami wanda kowa ya sani: jajibirin Sallah, ɗinki bai gamu ba.

Sannan ƙirga. Motsi uku-uku, a hankali, har jiki ya haddace. Jaki Can ya yi kusan shekara 10 yana yaro a makarantar opera, wato wasan kwaikwayo mai waƙa da tsalle-tsalle, a Hon Kon, shi ya sa faɗansa ke tafiya da kiɗa. Mu ma muna da namu. Ka tuna yadda ɗan dambe ke taku da kalangu kafin ya saki hannu, ka sa wani ya riƙa yi muku tafi.

Hannu ba ya taɓa fuska. Bar taƙi guda tsakani, ka tsayar da waya bayan kafaɗar mai kai bugun, tazarar za ta ɓace. Wanda aka buga shi ke da aikin: ya juya kai daidai lokacin, ya ɗan tsaya yana mamaki. Nan dariyar take. Ja baya jiki duka ya fito, kuma ka ɗauka bayan la'asar, rana ta yi sanyi. Ƙarar bugu daga baya ake sa ta. Mu buhun masara muke mara.

Kada kowa ya yi tsalle babu katifa. Ƙanena ya gurɗe ƙafa daga kan benci saboda na yi gaggawa, mako biyu bai taka keken ɗinki ba. Ranar da muka koma, baba mai shayi na gefenmu ya leƙo ya ce, "Ku bari in kawo buta, ita ma a sa ta ciki."